Yadda ɗalibi zai shirya tafiyar aikin sa-kai zuwa ƙasar waje lokacin hutu

Dogon hutun jami'a bai wuce 'yan makonni ba, don haka tun ana tsakiyar zangon karatu ake fara shiri, wata huɗu zuwa shida kafin ranar tashi.

Da farko ka tantance abin da ka iya. Mai karatun koyarwa zai taimaka wa malamin aji, mai karatun noma ya shiga dashen itatuwa. Amma ɗalibin likitanci kada ya yarda a ce ya karɓi haihuwa ko ya ɗinke rauni don kawai likitoci sun yi ƙaranci a wurin. Abin da ba a yarje maka a asibitin koyarwarku ba, bai halatta ka gwada shi a jikin talakan wata ƙasa ba.

Na biyu shi ne zaɓen ƙungiya, kuma nan ya kamata ka daɗe. AIESEC, wadda ɗalibai suka kafa a 1948, tana tura matasa aikin mako shida zuwa takwas. Service Civil International ta girme ta, domin ta samo asali ne a 1920, lokacin da Pierre Cérésole ya tara masu sa-kai don sake gina wani ƙauye kusa da Verdun a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ko wacce ka zaɓa, a ba ka amsa a rubuce kafin ka biya ko sisi: nawa ne daga kuɗinka ke isa ga mutanen wurin? Su suka nemi aikin, ko kai musu aka yi? Sannan ka nemi wanda ya je bara ka ji daga bakinsa.

Gidan marayu kam, ina roƙonka ka guje shi. Yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, kuma a wasu wurare kuɗin baƙi ne ke sa a raba su da iyayensu. A 2018 Ostireliya ta ɗauki irin wannan safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin bautar zamani. Ko gidan na kirki ne, yaro zai shaƙu da kai, bayan mako uku ka tafi ka bar shi.

Na uku, takardu. Ƙasashe da yawa na son fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin wa'adinsa ya ƙare. Wasu ba sa yarda a yi aikin sa-kai da bizar yawon buɗe ido, saboda haka ka tambayi ofishin jakadancinsu da kanka. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Katin rigakafin cutar shawara kuwa sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki.

Kafin ka sayi tikiti, duba ranar komawa makaranta, ka bar wa iyayenka kwafin takardunka da adireshin masaukinka.

Idan ka isa, kwanakin farko na sauraro ne da koyon gaisuwar mutanen. Ana saura mako guda ka dawo, ka rubuta inda aikin ya tsaya, ka miƙa wa ɗan wurin da zai ci gaba da shi.