Yadda ake gyara shafin da ya zauna daidai a wata burauza amma ya wargaje a wata

Kafin ka taɓa layi ko ɗaya na CSS, samo sunan burauzar da shafin ya lalace a cikinta da lambar sigarta. Wanda ya ce maka "ya ƙi yi a iPhone" bai gaya maka komai ba tukuna. Safari tana tafiya ne da iOS, ba a sabunta ta ita kaɗai, don haka mai iPhone 6 yana nan a iOS 12, mai iPhone 7 kuwa bai wuce iOS 15 ba. Sannan injuna uku ne ke zana shafuka a yau: Blink na Chrome da Edge da Opera, Gecko na Firefox, sai WebKit na Safari. In Chrome da Edge kaɗai ka gwada, inji ɗaya ka gwada sau biyu. Allon waya na kwaikwayo da ke cikin DevTools na Chrome (kayan binciken shafi da ke cikin burauzar) ma bai fitar da kai ba, kamannin waya kawai yake kwaikwaya, injin Blink ne dai.

Daga nan duba layin farko na HTML. In babu <!DOCTYPE html>, burauza za ta koma lissafi irin na da. Rubuta document.compatMode a Console na DevTools: in ya ba ka BackCompat, ga matsalarka nan. Ka kuma tabbatar akwai box-sizing: border-box a kan komai, ba sai an yi gardama a kan wannan ba.

Yanzu nemo akwatin da ya yi laifi. Sa outline: 1px solid red a kan * (wato komai), ba border ba, domin border yana ƙara faɗi ya canza abin da kake nema. In wani ɗan flex ne (abin da ke cikin akwatin flex) ya tsallake gefen allo, yawanci doguwar kalma ce ko hoto ya hana shi tsukewa. Ba shi min-width: 0.

Inda masu koyo suka fi shan wahala shi ne gap, wato tazara tsakanin abubuwa, a cikin flex. Firefox ta karɓe shi tun siga ta 63, Chrome a ta 84, Safari kuwa sai 14.1 a 2021, wato iOS 14.5 a waya. A sigar da ta gaza haka babu wani saƙon kuskure, maɓallai kawai za su manne da juna. Sai mutum ya ce bari ya tambayi burauza da @supports, ita kuma ta amsa masa da e. Ba ƙarya ta yi ba: ta san gap, amma na grid, kuma @supports ba ya bambance su. A nan ake ɓata yini guda. Mafita biyu ce. Ko ka mayar da jerin grid, wanda ni na fi so, ko ka cire gap gaba ɗaya ka sa margin-left: 12px a kan .jeri > * + *. Kada ka bar su biyun tare, sabuwar burauza za ta haɗa su tazarar ta ninka. In jerin yana karyewa zuwa layi na biyu, dabarar margin ɗin za ta tura na farkon sabon layi ciki, sai ka koma grid kawai.

Sauran duk hanya ɗaya ce. Burauza tana watsar da layin da ba ta gane ba ta riƙe wanda ya gabace shi, saboda haka tsoho a sama, sabo a ƙasa. Misali height: 100vh, ƙarƙashinsa height: 100dvh. Na farkon ba ya lissafa sandar adireshi ta waya, shi ya sa maɓallin ƙasa ke ɓuya. Na biyun ya shigo a Safari 15.4 da Chrome 108. In ka juya layukan biyu, ko sabuwar waya 100vh za ta bi.

Kowace sifa da kake shakka, duba ta a Can I use, shafin da ke nuna burauzar da ta karɓi kowace sifa, kafin ka rubuta. Su -webkit- ka bar wa Autoprefixer, manhajar da ke saka su da kanta, rubuta su da hannu ɓata lokaci ne. Internet Explorer 11 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata tun Yuni 2022, in ba an biya ka ba kada ka kula ta. Gwaji a waya ta gaske: Android ta chrome://inspect da kebul, iPhone sai da Mac. BrowserStack, shafin gwaji a wayoyi ta intanet, na yi amma da kuɗi, aron tsohuwar waya ya fi sauƙi. Bayan kowane gyara danna Ctrl+Shift+R, sannan ka sake buɗe shafin a sauran injunan biyu.