Yadda Za Ka Gwada Ruɗin Fuska Mai Rami Don Fahimtar Gani a Cutar Sikizofireniya

Ido ba ya aiki shi kaɗai, domin ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da ya kawo mata da abin da ta saba gani tun ƙuruciya, sannan ta yanke hukunci. Masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Richard Gregory, ya shahara da wani gwaji mai nuna hakan, kuma kowa zai iya yin sa a gida.

Ka samo abin rufe fuska na roba mai hanci da kumatu sosai, irin na wasan yara, ka jingina shi a bango daidai tsayin idonka, amma cikinsa mai rami ne zai fuskance ka. Ka haska shi da tocila daga ƙasa, saboda ƙwaƙwalwa ta saba da hasken da ke saukowa daga sama, kuma inuwar ramin da aka haska ta ƙasa tana kama da ta fuskar gaske. Ka ja baya kamar mita 3, ka rufe ido ɗaya. A nan yawancin mutane za su ga hancin da ya loɓa ciki ya turo waje, idan kuma suka matsa dama ko hagu, sai fuskar ta riƙa juyowa tana bin su. Daga nan ka taho a hankali da idanu biyu a buɗe har ramin ya bayyana. Idan ka kifa fuskar, haɓa a sama, ruɗin zai yi rauni, tunda ba haka muka saba ganin mutane ba.

Da yawa daga masu sikizofireniya, wata cutar ƙwaƙwalwa da kan sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu, ba sa faɗawa wannan tarko. A 2009, Danai Dima da abokan aikinta a Hanoba ta Jamus da Landan sun nuna hotunan irin wannan fuska ga marasa lafiya 13 da masu lafiya 16. Masu lafiyar sun ruɗu kusan kowane lokaci, marasa lafiyar kuwa galibi sun ga ramin yadda yake. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa a wurin masu lafiya sassan da ke ɗora sani na baya a kan gani sun ƙara haɗa kai yayin kallon, abin da bai faru ga marasa lafiyar ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa dogaro da abin da aka saba gani ya yi rauni ta kowane fanni ga irin waɗannan marasa lafiya, domin wani bincike na 2015 a Kambirij da Kadif na Birtaniya ya gano cewa masu alamun farko na taɓin hankali sun fi sauran mutane dogaro da abin da suka riga suka gani wajen gane hotuna marasa bayyana.

Kada ka yi amfani da gwajin don yanke wa kowa hukunci, tunda haske, nisa, ƙarfin ido da shan tabar wiwi duk suna sauya sakamako. Wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, likitan ƙwaƙwalwa ne ya kamata ya duba shi.