Yadda Ake Zaɓar Tsarin Karanta Dogon Jerin Littattafan Almara

Duk wanda ya tsaya a gaban jerin littattafan almara guda 14 ko 41, tambayar da ke fara zo masa ita ce daga wanne zai soma. Lambar da aka buga a bangon littafi ba kullum take warware wannan ba, domin sau da yawa kamfanin ɗab'i ne ya sanya ta, wani lokaci ma bayan marubucin ya daɗe da rasuwa. Manyan hanyoyin da ake bi guda biyu ne: ko dai a karanta littattafan bisa yadda suka fito kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a jera su bisa yadda abubuwa suka auku a cikin duniyar labarin. Shawarata ga mai karatun farko ita ce ya riƙi tsarin fitowa, sai fa idan ya sami dalili mai ƙarfi na kauce masa.

Kafin komai, sai ka gane irin jerin da ke hannunka. Akwai wanda labari ɗaya ne dogo aka yanyanka shi, kamar The Wheel of Time na Robert Jordan, mai littattafai 14 da suka fito daga 1990 zuwa 2013, wanda Brandon Sanderson ya kammala ukun ƙarshe bayan rasuwar Jordan a 2007. A irin wannan babu wani zaɓi: na ɗaya, na biyu, har ƙarshe. Akwai kuma wanda duniya ɗaya ce ta haɗa littattafan, amma kowanne yana iya tsayawa da ƙafarsa. Sannan akwai mai ginshiƙi guda da 'yan rassa kewaye da shi, wato gajerun labarai da littattafan da ke komawa baya su ba da tarihin abin da ya gabata. Yawancin ruɗanin daga waɗannan biyun na ƙarshe yake fitowa.

Dalilin da ya sa tsarin fitowa ya fi aminci shi ne, marubuci yana rubuta kowane littafi ne da sanin abin da mai karatunsa ya riga ya sani da abin da bai sani ba tukuna. Misalin da aka fi jayayya a kansa shi ne littattafan Narnia guda 7 na C.S. Lewis, da suka fito tsakanin 1950 da 1956. Wanda ya fara fitowa shi ne The Lion, the Witch and the Wardrobe, inda yara ke shiga wata duniya ta cikin kabad ɗin tufafi, su iske fitilar titi tana ci a tsakiyar daji ba tare da wani bayani ba. A 1955 ne The Magician's Nephew ya zo ya faɗi asalin fitilar da asalin kabad ɗin. Daga 1994 masu ɗab'i suka sake jera littattafan bisa aukuwar labari, sai na 1955 ya zama na ɗaya. Wanda ya bi wannan lambar zai karɓi amsa tun kafin tambayar ta taso masa, kuma idan ya iso wurin fitilar ba zai ji mamakin da aka shirya masa ba. Har ma a littafin 1950 mai ba da labari yana ɗauka cewa mai karatu bai taɓa jin sunan Aslan, zakin da ke cikin labarin, ba, alhali wanda ya bi sabuwar lambar ya riga ya sadu da shi. Adalci ne a faɗi cewa Lewis da kansa, a wata wasiƙa da ya rubuta wa wani yaro a 1957, ya ɗan karkata ga tsarin aukuwa, ko da yake ya ƙara da cewa wataƙila tsarin bai da wani muhimmanci sosai. Duk da haka ni ina ganin abin da ke rubuce a shafukan ya fi wasiƙar nauyi.

Saboda haka, littafin da ya koma baya a ajiye shi sai an kai inda ya fito. New Spring na Jordan yana ba da labarin abin da ya faru kimanin shekara 20 kafin littafi na ɗaya na The Wheel of Time, amma a 2004 ya fito, bayan na goma. Littafin farko yana jin daɗin barin mai karatu cikin shakkar manufar Moiraine, ɗaya daga cikin manyan matan labarin, shi kuwa New Spring yana shigar da kai cikin zuciyarta kai tsaye. Haka nan The Silmarillion na Tolkien, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, shi ne farko ta fuskar zamani domin yana somawa daga halittar duniyar, sai dai salonsa na tarihi ne mai tarin sunaye, kuma ya fi daɗin shiga ga wanda ya riga ya karanta The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955.

Inda wannan ƙa'ida ke sassautawa shi ne jerin da duniya kawai ta haɗa. Discworld na Terry Pratchett yana da littattafai 41, daga 1983 zuwa 2015, kuma da yawa daga masoyansa ba sa ba baƙo shawarar farawa da na ɗaya, domin a lokacin marubucin bai gama samun muryarsa ba. A cikin jerin akwai ƙananan layuka, kowanne da mutanensa: labarin 'yan gadin birni yana somawa da Guards! Guards! na 1989, na Mutuwa, wadda aka mayar ɗan wasa a labarin, yana somawa da Mort na 1987, Small Gods na 1992 kuwa yana tsaye shi kaɗai. Abin yi a nan shi ne ka zaɓi layin da ya ja hankalinka, ka fara daga bakinsa, sannan ka bi tsarin fitowa a cikin wannan layin. Idan ya yi maka, sauran layukan suna nan suna jira.

Idan littattafan fassara ne, ka nemi shekarar fitowarsu a harshen asali, wadda galibi ana rubuta ta a shafin haƙƙin mallaka da ke bayan shafin suna. Jerin The Witcher na Andrzej Sapkowski, marubuci ɗan ƙasar Poland, ya rikita mutane da dama ta wannan hanya. Sword of Destiny, tarin gajerun labarai ne da ya fito da harshen Poland tun 1992, amma bai fito da Ingilishi ba sai 2015, shekara bakwai bayan fassarar Blood of Elves, littafin farko na dogon labarin, alhali a cikin Sword of Destiny ne ake kafa dangantakar da dogon labarin ya dogara a kanta. Masu karatun Ingilishi na farko sun tsallake shi ba da saninsu ba. A wannan jeri ana farawa da The Last Wish, a bi da Sword of Destiny, kafin a shiga dogon labarin.

Wani lokaci littattafai biyu kan ɗauki zamani ɗaya, kamar na huɗu da na biyar a jerin A Song of Ice and Fire na George R.R. Martin, waɗanda suka fito a 2005 da 2011, aka raba su bisa mutane da wurare. Masu sha'awa sun tsara jadawalin da ke cuɗa babobin biyun, kuma aiki ne mai kyau, amma ya fi dacewa da karatu na biyu, lokacin da mutum ya san kowa kuma ba ya tsoron a tona masa ƙarshe. Tsarin aukuwa baki ɗayansa a nan ne yake da amfani, domin a karo na biyu abin da ake nema shi ne ganin yadda wani abu ya haifi wani.

Da zarar ka yanke shawara, ka rubuta sunayen littattafan da shekarunsu a takarda guda, ka daina bincike, domin neman tsarin karatu a intanet shi ne hanya mafi sauƙi ta cin karo da sunan wanda zai mutu a littafi na tara. Kada ka karanta bayanin bayan bangon littafin da ba ka kai ba, kuma kada ka buɗe ƙamus ɗin sunaye da ke ƙarshensa. Ka kula da bugun da ke raba littafi ɗaya gida biyu, kamar yadda aka yi wa na uku na Martin a wani bugun Ingila, don kada ka sayi rabi kana zaton cikakke ne. Ka kuma bincika ko an kammala jerin, domin na Martin ya soma a 1996, an tsara shi zai kai 7, biyar ne kuma suka fito zuwa 2011. Sayen littafi ɗaya ko biyu ya isa a matakin farko, sauran sai bayan ka tabbata kana son zama a wannan duniyar na tsawon watanni.