Yadda za ka gano inda ruwa ke ɓata maka silin a shago

Masu shaguna da ofisoshi a Sakkwato, in kun ga tabo ruwan ƙasa a silin kar a yi saurin kiran mai fenti, ga abin yi.

Da farko zagaye tabon da fensir ka bar shi kwana biyu. In ya faɗaɗa alhali ba a yi ruwa ba, to ba rufi ba ne, duba tankin sama ko bututun esi, su ne ke ɗiga a ɓoye.

In ko sai an yi ruwa yake jiƙewa, a hau sama. Mu nan ƙurar hunturu ce ke cika indararo da leda da komai, ruwan farko na Yuni ya rasa hanya ya koma ciki. A share shi tas.

Sannan duba kusoshin kwano, sanyi da zafin rana na sa su saki, ga tsatsa. In rufin dakin ne, wato na kankare, nemi tsagewa. Kuma ruwa na bin katako ya yi nisa, ramin ba lallai saitin tabon yake ba.

Kashe wuta kafin ka taɓa, don Allah. Sai ya bushe sarai ake fenti.