Yadda Ake Kiyasta Zafin Iskar da ke Ƙarƙashin Bonet

Allurar zafi da direba ke kallo a gabansa ruwan injin take aunawa, wanda yakan zauna tsakanin digiri 85 da 100 na ma'aunin Selsiyas. Ba ruwanta da iskar da ke gasa batir, wayoyi da robobi, zafin wannan iskar kuwa hawa da sauka yake yi.

Fara da lissafin kai. Da tsakar rana a Kumasi cikin Fabrairu ko Maris, zafin gari yakan kai 33. In mota na gudu kan sakakkiyar hanya, ƙara 10 zuwa 20 a kai. In kuwa ka maƙale a cunkoson Kejetia ko shataletalen Suame da esi a kunne, ƙara 30 zuwa 40, domin fanka na zuƙo iska ta cikin kwandansa (mai fitar da zafin esi) da lagireto tana watsa ta kan injin da zafinta.

Mai son ainihin lamba ya nemi mitar lantarki mai auna zafi da siririyar wayarta, nau'in K. Ɗaure wayar kusa da batir, kanta na reto a iska, tazarar yatsu uku daga kowane ƙarfe. Bi da ita ta gefen bonet zuwa taga, nesa da fanka da fanbel, ka rufe. Karanta sau uku: bayan tafiyar minti 15, bayan minti 10 a tsaye injin na aiki, sai minti 10 da kashe shi. Na ƙarshen yakan fi duka, har ya tasam ma 80, don ƙarfe na ci gaba da fitar da zafi alhali iska ta daina shigowa.

Bindigar auna zafi, mai jan haske, ba ta wannan aikin ba ce. Jikin abu take gani, kuma a kan alminiyam mai ƙyalli ƙarya take yi, ta nuna ƙasa da gaskiya. Ballantana ma da ka ɗaga bonet zafin ya tsere. Ita ma mitar, in kan wayarta na fuskantar manifol ɗin salansa, wato bututun da ke tattaro hayaƙi daga injin, wanda ke haura 400, lambar za ta kumbura. Sa kan wayar cikin ɗan bututun takardar alminiyam mai buɗaɗɗen baki biyu.

Na'urar OBD2, wadda ake jona wa mota don karanta bayanan kwamfutarta, ita ma tana nuna zafin iskar da injin ke shaƙa, sai dai a motar da ke jawo iska daga gaban lagireto, lambar ba ta kai ta cikin bonet.

In ka ga sama da 90 a gefen batir injin na aiki, duba fanka, robar da ke kewaye da ita, da faifan ƙarfen da ke rufe manifol, wanda wasu fitoci ke cirewa su manta da shi. Batir ne ke fara shan wuya: kowane ƙarin digiri 10 bisa 25 na iya cinye rabin kwanansa.