Kurakuran da aka fi yi wajen rubutu kan ikon coci a tsohuwar Turai

Mai duba takardun ɗaliban tarihi ya saba da wannan jimla: "A wancan zamani coci ne ke mulkin Turai." Wane cocin, a wace shekara? Zamanin da ake magana ya kai shekara dubu, daga wajen 500 zuwa 1500, kuma a 1054 cocin Roma da na Kustantiniya suka raba gari. Kafin ka rubuta "coci", tantance wanda kake nufi: Fafaroma ne, bishop ne, gidan sufaye ne, ko limamin ƙauye. Sannan ka sa shekara. Su kansu waɗannan sukan maka juna a kotu kan gona da kuɗin shiga.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne labarin Kanosa, wata ganuwa a arewacin Italiya. A watan Janairu na 1077 Sarki Henri na 4 na Jamus ya yi kwana uku yana tsayuwa a ƙofar ganuwa cikin hunturu, ba takalmi, yana neman Fafaroma Giregori na 7 ya yafe masa. Ɗalibi sai ya ajiye alƙalami a nan ya ce Fafaroma ya fi sarki ƙarfi. Ƙarasa labarin tukuna. A 1084 Henrin nan ya shiga Roma da dakaru ya ɗora nasa Fafaroman, Giregori kuwa a gudun hijira ya mutu a Salerno a 1085. Kuma tushen rigimar shi ne wa zai naɗa bishop, ya miƙa masa zobe da sanda, alamomin muƙaminsa, domin bishop yana riƙe da ƙasa da mayaƙa kamar kowane hakimi. Sai a 1122 aka sasanta a birnin Worms na Jamus: sarki ya bar zobe da sanda, amma a Jamus a gabansa ake zaɓen, kuma daga hannunsa bishop ke karɓar ƙasa.

Ana kuma cakuɗa hukunci biyu. Korar mutum daga coci daban, dakatar da ibada a ƙasa baki ɗaya daban. Ingila ta ɗanɗana duka biyun. A 1208 Fafaroma Inosen na 3 ya dakatar da ibada saboda Sarki Jon ya ƙi wanda aka naɗa babban bishop na Kantabari. Aka daina kaɗa ƙararrawa, aka daina binne gawa a maƙabartar coci, sai dai baftismar jarirai da furta zunubi ga mai baƙin mutuwa. A 1209 aka kori sarkin shi kansa. Ko a jikinsa, ya ci gaba da kwasar kuɗin coci, bai sunkuya ba sai a 1213 da Faransa ta ɗaura ɗamarar afka masa.

Sai batun ushiri, wanda Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa: dami ɗaya cikin goma. Sharlaman, sarkin da ya mulki yawancin yammacin Turai, ya mai da shi tilas a daularsa a 779. Kuskuren shi ne a ce Roma ake kai shi. Hatsi ne da ulu da 'yan raguna ake tarawa a rumbun cocin yankin, kuma a ƙa'ida ana raba shi huɗu: bishop, limamai, matalauta, gyaran gini. A aikace sau da yawa wani gidan sufaye ko mai ƙasa ne ke cinye kaso mai tsoka, ya bar wa limamin ƙauye ɗan abin da ba ya kai wa ko'ina.

A kula da kwanan wata kuma. Shari'ar da coci ya yi wa masanin taurari Galileo a 1633 aka yi ta, farautar mayu ta fi ƙamari ne tsakanin 1560 da 1630. Duka biyun sun zo bayan zamanin. In kana neman hujjar yadda coci ya shiga rayuwar talaka, ɗauko taron Lateran na 1215, babban taron shugabannin coci a Roma, wanda ya wajabta wa kowane baligi furta zunubi gaban limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma ce a riƙa shelanta aure a coci kafin a ɗaura.