Yadda Ake Gano Abincin da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Halitta a Ɗakin Gwaje-gwaje

Tun da aka amince wa manoman Najeriya su shuka waken SAMPEA 20-T a shekarar 2019, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar ɗauke da ƙwayar halittar Cry1Ab mai kashe tsutsar da ke huda kwanso, tambayar yadda ake gane abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ta zama ta gida: ido ba ya bambance wannan wake da na gargajiya, sai gwaji.

Aikin yana farawa ne daga ɗibar samfur, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kada a ɗebi hannu ɗaya daga bakin buhu. A soka bututun ɗiba a sama da tsakiya da ƙasan buhuna da dama, a gauraya, sannan a niƙa ya zama gari mai laushi. A wanke injin niƙa sarai kafin samfur na gaba, domin ƙurar da ta maƙale a cikinsa ta isa ta ɓata sakamako.

Idan ɗanyen hatsi ne, tsinken gwaji mai gano furotin ya wadatar a matakin farko. A dama garin da ruwan gwajin, a tsoma tsinken, cikin mintuna kaɗan layi biyu za su fito idan akwai furotin irin su Cry1Ab ko CP4 EPSPS (mai sa shuka ta jure maganin kashe ciyawa). Sai dai zafi yana lalata furotin, don haka ba a dogara da tsinken a kan dafaffen abinci.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce PCR, wato gwajin da ke ninka wani ɗan sashe na DNA (sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta) har a iya gano shi. A fitar da DNA ta hanyar dumama garin cikin sinadarin CTAB a zafin digiri 65, a tsaftace shi, sannan a fara neman ƙwayar halittar shukar kanta, misali lektin a waken suya. Wannan mataki ne da bai kamata a tsallake ba, domin idan ƙwayar halittar shukar ba ta fito ba, rashin samun komai daga baya ba shaida ce ta tsabta ba, alama ce kawai cewa DNA ɗin bai fita da kyau ba. Bayan haka a nemi sassan DNA da ake kira 35S da NOS, waɗanda yawancin irin da aka sauya suke ɗauke da su. A tuna cewa 35S daga ƙwayar cutar da ke kama dangin kabeji aka samo shi, saboda haka samfurin da ya gurɓata da ita zai nuna alamar ƙarya. Dole a tabbatar da gwajin da ya keɓanta ga iri ɗaya, kamar masarar MON810.

Ga mai fitar da kaya zuwa Tarayyar Turai, sai an auna yawa da PCR mai ƙidaya, domin dokarsu ta wajabta rubuta sanarwa a jikin kaya idan abin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ya haura kashi 0.9 cikin ɗari na kowane sinadarin haɗi. Tataccen mai da sukari kuwa kusan babu DNA a cikinsu, don haka amfanin gonar da aka samo su daga gare shi ake gwadawa.